Zuwa ga Edita: Batun kwalbar wuskin nan ta fam miliyan biyu

Ranka ya daɗe Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa gare ka da sauran ma'aikatan gidan jaridar nan, ya aiki, ya haƙuri da mu masu yawan ƙorafi. Na rubuto ne akan labarin nan da kuka taɓo na kwalbar wuski ƙwaya ɗaya tak da kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonta a Landan cikin Nuwamban 2023 akan fam 2,187,500, wato sama da fam miliyan biyu. Duk wanda na ji ya yi maganar cewa yake Turawa sun haukace, kuma ni ma rabi na yarda da su, amma rabin da ban yarda ba shine ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutun, sai ka yi haƙuri da ni.

Tun kafin a fara tambayar ɗan gidan waye wannan, ni Bazazzagi ne, Kirista, neman abinci ya kawo ni arewacin Sikotland, yankin da suke kira Speyside, inda kusan duk kwanar da ka sha sai ka ga hayaƙin wata masana'antar wuski. Na san mafi yawan masu karanta jaridar nan Musulmi ne kuma na san hukuncin giya a wajenku sarai, a cikinku na taso, kai ko a cocinmu ma akwai dattawan da in suka ji na rubuta wannan sai sun kira ni a waya. Ba kiran kowa nake ya sha ba, wanda bai taɓa sha ba babu abun da ya rasa a rayuwa. Amma tunda jarida ta kawo labarin ai gara a san yadda abun yake, kar a tsaya ga farashi kawai.

Ita waccan kwalbar ta kamfanin Macallan ce, an tace abun da ke cikinta a 1926, ya zauna a ganga ɗaya shekara 60, aka ɗura a 1986 kwalba 40 kacal ya bayar, ita wannan kuma tana cikin guda 12 da wani mai zane ɗan Italiya Valerio Adami ya zana wa takardar jiki. Toh wanda ya saye ta ba ɗanɗano ya saya ba, kadara ya saya kaman mai sayen fili a Maitama ya kewaye ya tafi, da wuya a buɗe ta har abada. Kuma in ma an ajiye ta shekara ɗari ba abun da zai ƙaru, don wuski baya ƙara tsufa a cikin kwalba, ranar da ya bar ganga ranar agogonsa ya tsaya. Don haka nan wajen kam na bar wa masu cewa hauka ne. Abun da nake so in yi magana a kai daban ne, shine tsohon wuskin masana'anta guda, wanda suke kira singil molt, da aka ɗura da ƙarfinsa na ganga ba a sirka ba, wanda mutane ke buɗewa da gaske su zauna su ɗanɗana.

Dokarsu ta 2009 ba ta wasa. Kafin a kira abu singil molt na Sikotland dole ya zama daga ruwa da tsiron sha'ir kawai, sai yis, a masana'anta ɗaya, a tace shi a tukwanen jan ƙarfe, ya zauna aƙalla shekara 3 a cikin gangar itacen da suke kira ok wadda ba ta wuce lita 700 ba, kuma a cikin Sikotland ɗin zai zauna, sannan kar ƙarfinsa, wato yawan barasar da ke cikinsa, ya gaza kashi 40 cikin ɗari. Shekarun da aka rubuta a jikin kwalba kuma na ƙaramin cikinsu ne, in ka haɗa mai shekara 30 da cokali ɗaya na mai shekara 10 toh 10 za ka rubuta ko kana so ko ba ka so. Aikin farko ba wani ɗaukar lokaci yake ba, a jiƙa sha'ir ya tsiro, a busar, a niƙa, a zuba ruwan zafi a tsame zaƙin, a sa yis ya yi kwana biyu zuwa huɗu, sai a dafa a tukunya a kama turirin sau biyu, na farkon fitowa da na ƙarshe a ware su gefe a ɗauki na tsakiya. Abun da ke fitowa fari ne tas kaman ruwan famfo, ƙarfinsa wajen kashi 70, yawanci sai a ɗan sirka zuwa 63.5 a zuba a ganga. In an cire tsiron, cikin sati guda an gama. Sauran shekaru talatin ɗin jira ne.

A cikin jiran nan kuɗin yake, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Gangar katako ba kwalba ba ce, tana numfashi. In zafi ya zo ruwan ya kutsa cikin katakon, in sanyi ya zo ya dawo, duk shiga da fita yana kwaso launi da ƙamshi daga jikin itacen, cikin gangar kuma dama an babbaka shi da wuta, wannan gawayin yana tsotse warin kibiritu da kaifin sabon ruwa, iska kuma tana shiga a hankali tana canza shi. Gangunan ma ba sababbi ba ne, kwance ne. Mafi yawa daga Amurka ake kawo su don dokar can ta ce wuskinsu na burbon sai a sabuwar ganga, in sun yi amfani da ita sau ɗaya sai su sayar wa ƴan Sikotland, irin wannan tana ba da ƙamshin banila da kwakwa da zuma. Wasu kuma daga Jerez ta ƙasar Sifaniya, waɗanda aka taɓa zuba ruwan inabin sheri a ciki, manya ne wajen lita 500, su ke ba da jan launi mai duhu da ƙamshin busassun ƴaƴan itace, kuma sun fi tsada nesa ba kusa ba. Akwai wajen gyaran ganguna a garin Craigellachie, in ka ga yadda magyaran ke ware ganga su sake haɗa ta ba ƙusa ba gam sai zoben ƙarfe kawai kuma ba ta yoyo, sai ka sara masu, shekara huɗu yaro ke yi yana koyon wannan sana'ar.

Amma numfashin nan da asara yake tafe. Duk shekara wajen kashi 2 cikin ɗari na abun da ke ganga yana bin iska, su suna ce masa rabon mala'iku, ni dai na ce mala'iku ba ruwansu. In ka yi lissafi, ganga mai lita 250 bayan shekara 30 abun da zai rage bai fi lita 136 ba, kusan rabi ya tafi, kuma duk shekarun nan kana biyan kuɗin sito da masu gadi da inshora ba ka karɓi ko sisi ba, wanda ya cika gangar ma wataƙila ya yi ritaya ko ya riga mu gidan gaskiya. In ka wuce ta gefen tsofaffin sito za ka ga bango da bishiyoyi sun yi baƙi ƙirin kaman an yi gobara, wata irin funfuna ce da ke rayuwa da wannan turirin da ke fita. A ƙasashe masu zafi kaman Indiya, inda kamfanin Amrut ke yi a Bangalore, asarar tana haura kashi 10 a shekara, shi ya sa can ba a iya dogon ajiya, ganga ƙafewa za ta yi.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. A yanayin Sikotland mai sanyi da danshi, sinadarin barasar ya fi ruwa saurin gudu, don haka duk shekara ƙarfin raguwa yake. Ka zuba a 63.5, bayan shekara talatin ko arba'in sai ka tarar ya sauko hamsin ko arba'in da wani abu, in kuwa aka yi sake ya faɗi ƙasa da 40 toh shikenan doka ta hana a kira shi wuski. Dubi manyan tsofaffin da aka fitar, na Glenlivet mai shekara 80 da kamfanin Gordon & MacPhail na garin Elgin ya fitar a 2021 ƙarfinsa 44.9 ne, na Macallan mai shekara 81 da ya fito a 2022 kuma 41.6, saura ƙiris ya faɗa rami. Kenan tsufa da ƙarfi basa cika haɗuwa a ganga ɗaya, samun mai shekara talatin da har yanzu yake kashi 55 ko 60 sai an dace da ganga mai matsattsen katako da kuma lungun sito da ya karɓe ta. Shi ya sa masu abun suke rawar jiki in sun ji an ce tsoho ne kuma mai ƙarfin ganga.

Misalin da na fi sani shine masana'antar Glenfarclas da ke Ballindalloch a gindin dutsen Ben Rinnes, iyalan Grant ke riƙe da ita tun 1865 har yau ba su sayar wa manyan kamfanoni ba, kuma har yanzu wuta suke hurawa kai tsaye a ƙarƙashin tukwanensu alhali yawancin maƙwabtansu sun koma turiri. A 1968 suka fara fitar da wanda suke kira 105, lambar tsohon ma'aunin Ingila ce wadda ta yi daidai da kashi 60 cikin ɗari, kuma a 2008 sun fitar da 105 ɗin mai shekara 40 cur yana nan a kashi 60 ɗinsa. Wanda ya fahimci lissafin da na yi a sama ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Toh yaya ake ɗanɗana irin wannan. Abu na farko da zai ba ɗan Najeriya mamaki shine ƙanƙantar abun da ake zubawa, mililita 25 ko ƙasa da haka, bai fi cokalin cin abinci biyu ba, kuma mutum zai iya kai awa guda a kansa. Ba a faffaɗan kofin nan na fim ake zubawa ba, akwai wani ɗan kofin gilas mai tumbi da tsukakken baki, Glencairn, da ya fito a 2001, shi ke tara ƙamshin ya turo shi sama. Ba ƙanƙara, don sanyi rufe ƙamshi yake. A zuba a ajiye shi ya huta, wasu na cewa minti ɗaya kan kowace shekara da ya yi a ganga, wannan ba doka ba ce al'ada ce kawai amma akwai gaskiya a ciki, don abun da ka shaƙa a minti na farko ba shi za ka shaƙa a minti na ashirin ba.

Hanci ne ke yin kusan duk aikin, harshe ɗan rakiya ne. Kuma in ka cusa hanci kai tsaye cikin mai kashi 58 wallahi sai ka yi hawaye, hancin ya mutu na ɗan lokaci ba ka ƙara jin komai, don haka daga nesa ake farawa, kofin a wajen haɓa, baki a ɗan buɗe, a kawo a janye. Wani mai shekara ashirin da ɗoriya daga gangar sheri da na taɓa zama a kansa, ƙarfinsa hamsin da wani abu, farko ba abun da na ji sai zafi da warin fentin katako, da ya huta sai dabino ya fito, irin baƙin nan mai laushi, da zabibi, can sai ɓawon lemu busasshe, kanumfari, citta, daga baya kuma wani ƙamshi mai nauyi kaman ka shiga rumfar dukawa inda ake ajiye tsohuwar fata. Duk wanda ya san humra ya san wannan, ranar da aka haɗa ta kaifi ne da ita tana hawa kai, kowane turare yana ihun kansa, sai an toshe kwalba an manta da ita ta kwana biyu sannan za ka ji sun zama abu ɗaya mai sanyi da ke kama jiki. Aikin da shekaru ke yi a ganga kenan.

Kurɓar farko ƴar mitsitsiya ce, ta jiƙa harshe kawai, kuma ba a yanke hukunci da ita don baki bai saba ba tukun, zafi kawai za ka ji. Ta biyu ce ake riƙewa a baki a juya ta. Abun da ya bambanta tsoho mai ƙarfin ganga da na kanti shine nauyinsa a baki, yana da maiƙo yana lulluɓe harshe, dalili kuwa yawancin na kashi 40 ana sanyaya su a tace don kar su yi hazo in an sa ƙanƙara, tacewar nan tana kwashe wani ɓangare na maiƙon, shi kuwa mai ƙarfin ganga yawanci ba a yi masa haka. Bayan an haɗiye sai a yi shiru a ji tsawon lokacin da ɗanɗanon zai ɗauka kafin ya ɓace, na banza kafin ka ajiye kofi ya wuce ya bar ka da ƙuna, mai kyau kuwa minti biyar yana nan yana canza kama, daga zaƙi zuwa yaji zuwa ɗan ɗacin gahawa.

Sai maganar ruwa, wadda a nan ne masu nuna jarumta ke faɗuwa. Akwai masu ganin in ka sa ruwa a wuski kai rago ne. Su kuwa waɗanda aikinsu kenan, masu haɗa wuski a kamfanoni, sirka shi suke har ya sauko wajen kashi 20 sannan su shaƙa, kuma mafi yawan samfuran da ke bi ta gabansu a rana ko kai su baki basa yi. A 2017 wasu masana biyu a jami'ar Linnaeus ta ƙasar Suwidin, Björn Karlsson da Ran Friedman, sun wallafa bincike da ya nuna cewa in ƙarfin ya yi yawa wani sinadarin ƙamshi mai suna gwayakol nutsewa yake cikin ruwan, in an sirka sai ya taso sama inda hanci zai same shi. Amfanin a sayar maka da shi da ƙarfin ganga kenan, ba wai don ka sha wuta ba, don a bar maka zaɓin yawan ruwan ne maimakon kamfani ya zaɓa maka. Ɗigo-ɗigo ake sawa da ƙaramin cokali, a jira, a shaƙa, a ƙara. Za ka ga ya ɗan yi hazo, ba lalacewa ya yi ba maiƙon nan ne. Sai dai fa tsoho sosai baya son ruwa da yawa, wani in ka wuce ɗigo uku huɗu sai ya watse ya koma lami, kuma ruwan da ya shiga ba ya fitowa.

Yanzu bari in faɗi abun da masu talla ba za su faɗa ba. Tsufa ba shine daɗi ba. Akwai gangar da a shekara 18 ta kai ƙarshen kyanta, in aka bar ta ta kai 35 itace ya cinye komai, ka kurɓa ka ji baurin katako ya ɗaure maka baki kaman ka tauna ɗanyen goro, kuma a hakan za a sa mata farashin mota don lambar da ke jiki. Akwai kuma gangar da ta gaji, an yi amfani da ita sau uku sau huɗu, ko shekara 40 abu ya yi a ciki ba abun da za ta ba shi. Masu son hayaƙi irin na tsibirin Islay, su Laphroaig da Lagavulin da Ardbeg, inda ake busar da tsiron da hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama, su ma sun san hayaƙin laushi yake yi da shekaru, wanda ke neman bugun hayaƙi mai shekara 10 zai fi gamsar da shi akan mai 30. Launi ma yaudara ne, doka ta yarda a ɗiga kalar karamel, don haka duhu ba shaidar tsufa ba ne sai in an rubuta cewa launinsa na asali ne. Su kansu masu rubuta bayanin ɗanɗano wani lokacin shirme suke zubawa, mutum ya ce wai ya ji ƙamshin laburaren kakansa ranar da aka yi ruwan sama, haba malam. A ganina mai shekara 15 zuwa 25 daga ganga mai kyau ya fi yawancin masu dogon suna da akwatin lu'ulu'u, abun da ya haura nan sau da yawa kuɗin ƙarancinsa kake biya.

Wannan ya kawo ni kan manyanmu na gida, don kar mu yi kaman ba mu sani ba, ana shan abun nan a Abuja da Legas har da wasu garuruwan da ba sai na ambata ba. Mutum zai sayi kwalba mai shekara 18 ko 25 da kuɗin da zai biya wa yara goma makaranta, a kawo ta da tartsatsin wuta ana kiɗa, ya cika kofi da ƙanƙara ya tuttula lemon kwalba a kai ya shanye cikin minti biyu. Shekara ashirin da biyar na jiran wani bawan Allah ta tafi a banza, da ya sayi mafi arha a kanti ba zai ji bambanci ba. Ba ɗanɗano ya kai shi ba, a gan shi ne.

Kuma ma wa ya ce abun da ke cikin kwalbar shine abun da aka rubuta. A 2018 wata cibiyar binciken jami'o'in Sikotland da ke East Kilbride ta gwada kwalabe 55 na tsofaffin wuski masu tsada da aka samo daga kasuwar gwanjo da hannun masu tarawa, 21 daga ciki suka fito jabu. Yadda suka gane abun sha'awa ne, gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya da aka yi a shekarun 1950 da 1960 sun ƙara wani nau'in sinadarin kabon a iskar duniya, duk sha'ir da ya tsiro bayan nan yana ɗauke da alamar, don haka in kwalba ta ce ita ta 1900 ce aka ga alamar bam a ciki toh ƙarya ta ƙare. In a Birtaniya da duk tsaronsu ana haka, ina ga kasuwar da ba mai dubawa. Mu kuma namu jabun ba aljihu kawai yake taɓawa ba, ba mu manta da 2015 ba lokacin da mutane da dama suka mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai gubar metanol.

Ko na gaskiyar ma ba ruwan zuma ba ne, kuma ba zan rufe wannan ba don ina yaba ƙamshinsa. Kwalba ɗaya mai mililita 700 a kashi 60 tana ɗauke da awo 42 na barasa a ma'aunin Birtaniya, likitocinsu kuma cewa suka yi kar mutum ya wuce awo 14 a sati, kenan kwalbar nan kason sati uku ce cif, wanda ya zauna ya raba ta biyu a dare ɗaya asibiti yake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a farkon 2023 ta fito ta ce babu wani adadin giya da za a ce ba ya cutarwa, tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji. Ita Sikotland ɗin da ke alfahari da wuski tana kuka da giya, ƙasa mai mutum wajen miliyan biyar da rabi amma a 2023 kaɗai mutum 1,277 giya ta kashe kai tsaye, har sai da gwamnatinsu ta kafa dokar mafi ƙarancin farashi a 2018, fenni 50 kan kowane awo, ta ƙara zuwa 65 a 2024 don dai a rage sayen mai arha. Hanta ba ta san shekara nawa abu ya yi a ganga ba, kuma na ga masu fakewa da sunan ɗanɗano alhali shaye-shaye ne ya kama su, kwalbar tasu ce kawai ta fi tsada.

Roƙona gare ka Malam Edita guda biyu ne. In za ku sake kawo irin wannan labarin ku riƙa faɗin shekarun da abun ya yi a ganga da ƙarfinsa da yawan kwalaben da aka fitar, kuma ku bambance farashin gwanjo da farashin kanti, don mai karatu ya san ko labarin abun sha ake ba shi ko labarin masu ɓoye kuɗi. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, ku tura wakilinku ya bi sawun kwalaben nan masu tsada bayan an shanye su a otal-otal da kulob-kulob, ya tambayi ƴan bola jari nawa ake sayen fankon kwalba mai murfi da kwalinta, waye ke saye, kuma ina ake kai su. Hukumar NAFDAC ta sha kama masu sake ɗura irin waɗannan kwalaben, amma ban taɓa ganin jaridar Hausa ta bi zancen tun daga bola har zuwa teburin da ake sake kawo kwalbar ba.

Na gode da haƙurin karantawa, a gaida mutanen ofis.

Naku,
Wani Bazazzagi mazaunin Speyside, Sikotland